Ƙwaron Ƙazwa da Madubin Likita

Cikin cuce-cucen da ke damun ɗan Adam, da wuya a sami wadda ta kai ƙazwa raina mutum. Ba ta cika kwantar da shi ba, amma ta kan hana shi barci, ta sa shi susa gaban mutanen da ya ke jin kunya. In ta shiga gida ba ta barin yaro, ba ta barin babba. In kuwa ta shiga makarantar kwana, ko bariki, ko gidan yari, sai ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya kamar wutar daji. Yau kowane malamin asibiti ya san abin da ke kawo ta, watau wani ɗan ƙwaro ne mai haƙa rami cikin fata. Amma kafin likitocin duniya su yarda da wannan 'yar magana sai da aka yi shekara 147 ana gardama, alhali kuwa an riga an ga ƙwaron da ido. Labarin gardamar nan shi ne labarin yadda mutane suka koyi duban fatar jikinsu da madubin likita, gilashin nan mai girmama ƙananan abubuwa.

Abin da magabata suka ɗauka

Likitocin dā, na Yunanawa da na Larabawa da na Turai, sun tafi bisa cewa ruwa huɗu ke riƙe da jikin mutum: jini, da balgamu, da safra'u, da sauda'u. In suka daidaita mutum na lafiya, in ɗaya ya rinjayi sauran sai cuta ta tashi. Saboda haka duk abin da ya fito ga fata, ƙurji ne ko ƙaiƙayi, sai su ce ƙazantar ciki ce jiki ke turowa waje. Mai ƙazwa in ya je wurin likita a zamanin nan sai a tsage shi a ɗebi jini, a ba shi maganin zawo, a hana shi wasu abinci. Har wasu likitoci su kan ji tsoron warkar da ƙurajen da sauri, wai kada cutar ta koma ciki ta kama huhu ko ƙwaƙwalwa. Mutum sai ya shekara yana susa, likitansa na ce masa alheri ne.

Duk da haka akwai waɗanda suka ga wani abu. Ibn Zuhr, babban likitan birnin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu cikin shekarar 1162, ya rubuta cewa akwai wata 'yar halitta da ke zama cikin fata, in an tsaga wurin ta kan fito, ƙanƙanuwa ƙwarai, da ƙyar ido ke kama ta. Amma bai ce ita ke haddasa cutar ba. Tsofaffin mata na ƙauyukan Turai kuwa, waɗanda ba su taɓa buɗe littafi ba, sun daɗe da sanin yadda a ke tono ta da allura daga hannun jikokinsu. Sai dai ba wanda ya tambaye su.

Zuwan madubi

Wajen ƙarshen ƙarni na 13 aka fara yin tabarau a ƙasar Italiya. Tsakanin 1590 da 1620 masu wasa gilashin tabarau a ƙasar Holanda suka gane in an jera gilashi biyu cikin bututu, abin da a ke dubawa ya kan ƙara girma ainun. Cikin 1665 wani Bature na Ingila, Robert Hooke, ya buga littafi cike da zanen abubuwan da ya gani da irin madubin nan. Ya zana ƙuma da ƙwarƙwata, kowace ta cika shafi har ta yi saura, da gashinsu da ƙafafunsu da faratansu. Mutanen Landan suka yi ta mamaki, ashe abin da su ke murƙushewa da farce yana da gaɓoɓi kamar na manyan dabbobi.

A garin Delft na Holanda akwai wani mai sayar da yadi, sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Bai yi karatun jami'a ba, amma ya ƙware wajen yin 'yan gilasai, wasu ba su fi ƙwayar gero ba, masu girmama abu fiye da sau 200. Ya yi wajen shekara hamsin yana aika wa ƙungiyar masana ta Landan da wasiƙu bisa abin da ya gani. Cikin 1674 ya duba furfurar nan da ke fita in mutum ya kankare jikinsa, ya ga ashe 'yan ɓawo ne falle-falle, sun hau juna kamar ɓawon kifi. Wannan shi ne bene na sama na fata. Yanzu an san matattun ƙwayoyin halitta ne, kullum suna kaɗewa, sababbi na tasowa daga ƙasa, har cikin kamar wata guda mutum ya sake su duka bai sani ba.

Shi kuma Marcello Malpighi, malamin likitanci a birnin Bolonya, ya ɓare benen nan na sama ya sami wani mai laushi a ƙarƙashinsa, wanda har yau likitoci ke kira da sunansa. Ya nuna cewa launin fata, baƙi ko ja ko fari, a cikin wannan siririn bene ya ke zaune. Daga nan zuwa ciki nama da jini na 'yan Adam duk iri ɗaya ne. Cikin 1684 kuma wani likitan Landan, Nehemiah Grew, ya duba tafin hannu da yatsu, ya ga zanen nan nasu kamar kunyoyin gona ne, a bisa kowace kunya an jera 'yan ramuka inda gumi ke tsattsafowa.

Likita da mai haɗa magani

Liborno gari ne na bakin teku a Italiya, inda a ke tsare bayi da fursunoni masu tuƙa jiragen yaƙi. Ƙazwa ta yi musu katutu. A garin akwai wani saurayin likita, Giovanni Cosimo Bonomo, da wani mai haɗa magunguna, Diacinto Cestoni. Su biyun suka lura da yadda matan talakawa ke sa bakin allura su ciro wani ɗan farin abu daga fatar 'ya'yansu, su ɗora bisa farce su murƙushe, ya yi ɗan ƙara kamar an kashe ƙuma. Suka ga fursunoni ma haka su ke yi wa juna. Maimakon su yi musu dariya sai suka sami mai ƙazwa, suka ce ya nuna inda ya fi yi masa ƙaiƙayi, suka ciro abin suka sa a madubi.

Suka ga halitta mai rai, fara, mai kama da kunkuru, da 'yan gashi dogaye a bayanta, tana motsi da sauri. Sun ƙidaya mata ƙafa shida, ko da ya ke babba ƙafa takwas gare ta kamar kaska da gizo-gizo, 'ya'yan ne masu shida. Wata rana ana cikin zana hotonta sai aka ga ta saki ɗan farin ƙwai. Wannan ƙwai ya fi kome muhimmanci gare su, don a zamanin nan mutane sun ɗauka ƙananan ƙwari daga ruɓa su ke tasowa haka kawai, ba uwa ba uba. To, in ƙwaron na yin ƙwai, ashe ba ɓataccen jini ya haife shi ba, daga jikin wani ya zo.

Cikin 1687 Bonomo ya rubuta wasiƙa zuwa ga Francesco Redi, likitan sarkin ƙasar Tuskani, wanda shi ma cikin 1668 ya riga ya nuna tsutsar nama daga ƙwan ƙuda ta ke fitowa. A cikin wasiƙar ya bayyana cewa ƙwaron nan shi ke haƙa fata ya kawo ƙaiƙayi, yana bin taɓawar jiki da tufafi daga mutum zuwa mutum, kuma maganin sha ba ya kashe shi. Abin da ke kashe shi maganin shafawa ne, irin mai farar wuta. Har ya gargaɗi likitoci su ci gaba da shafawa kwanaki bayan ƙaiƙayi ya tafi, don ƙwai na iya tsira ya ƙyanƙyashe. Masana tarihin magani da yawa suna lissafa wannan a kan karo na farko da aka nuna da madubi cewa wata 'yar halitta takamaimai ita ke kawo wata cuta takamaimai ga ɗan Adam.

Amma manya ba su karɓa ba. Giovanni Maria Lancisi, likitan Fafaroma a birnin Rum, bai musa akwai ƙwaron ba, sai dai ya tsaya kan cewa ɓacin jini ne asalin cutar, ya kawo hujja daga littattafan magabata. Maganarsa ta fi ta saurayi nauyi. Aka juya wasiƙar da Ingilishi cikin 1703, wasu suka karanta, amma galibin likitoci suka ci gaba da ɗibar jini.

Abin da ya faru a Faris

A farkon ƙarni na 19 babu wurin da ya kai asibitin San Luwi na birnin Faris suna wajen cututtukan fata. Babban likitansa, Alibert, ya so ƙwarai a gano masa ƙwaron. Cikin 1812 wani ɗalibi mai suna Galès ya ce ya samo shi, ya tara manyan malamai ya nuna musu, aka zana hoton aka buga cikin littattafai. Sai dai duk wanda ya gwada bayansa ba ya samun kome. Aka yi shekaru ana nema, har cikin 1829 wani masani, Raspail, ya gwada zanen Galès da ƙwaron da ke cin tsohon cuku, ya nuna abu ɗaya ne. Ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Amma ɓarnar da ta yi ita ce, likitoci da yawa suka ce ashe ƙwaron ƙazwa ɗungum tatsuniya ce.

Dalilin da ya sa ba su same shi ba ƙanƙane ne. Suna fasa ƙurajen masu ruwa suna duba ruwan, ƙwaron kuwa ba nan ya ke zama ba. Macen ta kan haƙa ɗan siririn rami mai lanƙwasa cikin benen nan na sama da Leeuwenhoek ya gani, tana tafe tana barin ƙwai a baya, ita kuwa tana can ƙarshen ramin, gefe da ƙurjin. Mai neman gafiya ba ya tsayawa kan ƙasar da ta turo.

Ran 13 ga Agusta, 1834, wani ɗalibin likitanci, Simon François Renucci, ya tsaya gaban Alibert da taron likitoci. Shi mutumin tsibirin Kosika ne, tun yana ƙasarsu ya ga yadda matan ƙauye ke yi. Ya kama hannun wata mai ƙazwa, ya bar ƙurjin, ya bi ramin da bakin allura har ƙarshensa, ya ɗago ɗan farin ɗigo. Aka sa a madubi, kowa ya leƙa ya ga yana tafiya. Ya sake yi ga wasu marasa lafiya, ya koya wa na wurin, su ma suka ciro da hannunsu. Gani ya kori ji. Bayan shekara goma, cikin 1844, Ferdinand Hebra na birnin Biyana ya buga bincikensa wanda ya rufe gardamar a ƙasashen Jamusawa.

Kankara da ruwan toka

Da aka ga cutar fata ɗaya daga waje ta ke zuwa, sai aka shiga tuhumar sauran. Aka yi sa'a kuwa, cikin 1830 Joseph Jackson Lister na Ingila ya gyara haɗin gilasan madubi, hoto ya daina dishi-dishi da bakan gizo a gefe. Cikin 1839 Schönlein ya sami wani irin fumfuna cikin ɓawon ƙorar kai. Tsakanin 1841 da 1844 David Gruby a Faris ya nuna makero ma fumfuna ne da ke cin gashi da fata. Cikin 1846 Eichstedt ya sami na ƙyasfi. Cikin 1842 kuma Gustav Simon na Balin ya sami wani dogon ƙwaro da ke zaune cikin ramin gashin fuska. Wannan kusan kowane baligi na ɗauke da shi, yawanci ba ya cutar da kowa.

Hanyar da aka saba bi tun daga lokacin har yau ba ta da wuya. A kankare ɓawon wurin da bakin aska, a zuba bisa ɗan fallen gilashi, a ɗiga wani ruwan magani mai kaifi, ɗan'uwan ruwan tokar da a ke sabulu da shi. Ruwan ya narkar da ɓawon fata ya bar zaren fumfuna a fili. In ƙazwa a ke tuhuma a kan ɗiga mai kafin a kankare, don ƙwaro da ƙwansa da kashinsa su manne. Wasu kuma su kan shafa tawada bisa wurin su goge, wadda ta shiga ramin ta tsaya, sai a ga ɗan layi mai lanƙwasa.

Masu ba da jikinsu a Shefild

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙazwa ta addabi sojan Ingila da mutanen da ke kwana cunkushe cikin maɓoyar bam. Hukuma na kashe kuɗi da yawa wajen turara barguna da tufafi. Wani masanin ƙwari, Kenneth Mellanby, ya tara wasu samari a birnin Shefild daga 1941, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda aƙidarsu amma suka yarda a gwada cuta a jikinsu. Suka kwana cikin bargunan masu ƙazwa, suka sa tufafinsu na ciki ba a wanke ba. Cikin gwaji 63 mutum biyu kaɗai suka kamu. Ya tabbata ke nan haɗuwar fata da fata mai daɗewa, kamar kwana shimfiɗa ɗaya, ita ce babbar hanyar cutar.

Mellanby ya kuma bi jikin ɗaruruwan sojoji da ɗan madubin hannu da allura, yana ciro ƙwarin ɗaya ɗaya yana ƙidayawa. Sai ya tarar mutumin da jikinsa duk ya ɓaci da susa, manyan matan ƙwarin da ke jikinsa bisa matsakaici ba su wuce goma sha ɗaya ba. Ya ga kuma wanda ya kamu karo na farko ya kan yi kamar wata guda bai ji ƙaiƙayi ba, wanda ya taɓa yi kuwa cikin kwana ɗaya ya ke fara susa. Ashe ƙaiƙayin faɗa ne da jiki ke yi da ƙwaron da kashinsa bayan ya gane su. Akwai dai wata muguwar irin ƙazwa mai ɓawo, wadda likitocin Nowe suka bayyana cikin 1848 ga kutare, mai kama waɗanda jikinsu ya raunana. Ita ƙwarinta dubbai ne, kuma shimfiɗar mai ita na yaɗa cutar ƙwarai. Wannan Mellanby shi ne aka naɗa cikin 1947 ya zama shugaban farko na Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya riƙe ta har 1953.

Duban fata tana jikin mai ita

Duk hanyoyin nan sai an tsokana ko an kankara. Abin da ya hana a duba fata a inda ta ke shi ne, busasshen ɓawonta na watsa haske kamar farar ƙasa da tsakar rana, ido ba ya wuce shi. Amma kowa ya san takardar da aka ƙunshe ƙosai da ita, inda mai ya jiƙa ta har rubutun baya a kan hango. Cikin 1893 Paul Unna na birnin Hamburg ya nuna fata ma haka ta ke. In an ɗiga mai aka danna gilashi a kai, benen sama ya kan zama garau, a hangi launi da jijiyoyin jini na ƙasa. Cikin 1920 Johann Saphier ya yi ta duban fatar masu rai da madubi mai ido biyu. Leon Goldman a Amurka cikin shekarun 1950, da Rona MacKie a Gilasgo cikin 1971, suka juya dabarar ga baƙaƙen tabo, don a rarrabe tawadar Allah da ciwon daji na fata tun bai yi nisa ba. Cikin 1989 aka fito da madubin fata na hannu a Jamus, mai kama da tocila, yana girmama abu sau goma. Daga 2001 aka sami mai irin hasken da ba ya bukatar mai.

Cikin 1997 likitoci a birnin Nafoli suka nuna da madubin nan ana ganin ƙwaron ƙazwa yana cikin raminsa. Kansa da ƙafafunsa na gaba su kan bayyana kamar ɗan baƙin abu mai kusurwa uku, farin ramin na biye da shi kamar jirgin sama da hayaƙinsa. Ga baƙar fata ganinsa ya fi wuya, don haka a kan nema tsakanin yatsu da wuyan hannu da tafi, inda fata ta fi haske. Kunyoyin Grew ma sun yi rana. Ga baƙar fata, mugun ciwon dajin nan mai baƙin tabo a tafin ƙafa ya fi fitowa. Likitocin Jafan suka gano in baƙin ya bi kwarin kunya yawanci ba kome, in kuwa ya hau bisa kunyar inda ramukan gumi su ke, to a hanzarta a yanke a bincika.

Akwai kuma madubin lantarki, wanda Ruska da Knoll suka fara ƙerawa a Jamus cikin 1931. Irinsa mai share bisan abu ya shiga kasuwa daga Kambirij cikin 1965, yana girmama abu sau dubbai. Ba a iya sa mutum mai rai a cikinsa, sai a shafa wani irin danƙo bisa fata, ya daskare a ɓare, a duba tambarin da ta bari. Da shi aka ga ƙayoyin bayan ƙwaron ƙazwa filla-filla, ƙwaron da sai an jera sittin ko saba'in kafin su cika inci ɗaya.

Inda aka kwana

Ƙazwa ba ta ƙare ba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya mutum fiye da miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci, ta fi kama yara a ƙasashe masu zafi inda a ke kwana a cunkushe. Cikin 2017 hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Haɗarinta ya wuce rashin barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: inda farce ya yaga fata ƙwayoyin cuta kan shiga su kawo gyambo, wani lokaci har su taɓa ƙoda ko zuciyar yaro.

Abin da madubi ya nuna shi ke koya yadda za a yi. Macen na yin ƙwai biyu ko uku kullum, su ƙyanƙyashe cikin kwana uku ko huɗu, don haka a kan maimaita shafa magani bayan mako guda. Wanda ya kamu na iya yin wata bai fara susa ba, don haka duk mutanen gida za su shafa rana ɗaya, da mai ƙaiƙayi da marar ƙaiƙayi, a game jiki duka, ba inda ƙuraje su ke kaɗai ba. Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu ko uku da rai in ya rabu da jikin mutum, don haka wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya a rana, ko a ƙulle su cikin buhu mako guda, ya wadatar. Ƙaiƙayi kuwa na iya ci gaba mako biyu zuwa huɗu bayan ƙwarin sun mutu, wannan ba ya nuna magani bai ci ba. Wani ɓangare na wannan Bonomo ya riga ya faɗa cikin wasiƙarsa ta 1687, shi kuwa wurin matan Liborno masu allura ya fara gani.